Gyaran Injin Yankan Itace: Bayani Ga Masu Inji, Makanikai Da Jami'an Ƙananan Hukumomi A Masarautar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Daura ya san rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya nuna cewa Bayajidda ya kashe macijiyar da ta hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wani ɓangare na labarin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne, kafin isowarsa Daura sai da ya biya ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi wannan aiki da ita. Ke nan tun zamanin da, mai aiki bai taɓa wadatuwa daga mai gyara masa kayan aiki ba.

A yau, daga unguwar Kusugu da sauran unguwannin cikin garin Daura har zuwa ƙauyukan ƙananan hukumomin Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, ƙananan injuna sun shiga rayuwar jama'a: injin ban ruwa na noman rani, da injin niƙa, da janareta, da kuma injin yankan itace, wanda wasu ke kira zarton inji. Buƙatar wannan na ƙarshe takan taso musamman a farkon damina, lokacin da iska mai ƙarfi ke kayar da itatuwa a kan hanyoyi da gidaje da makarantu, sai kuma lokacin sassaben dalbejiyar da ta yi wa gini ko wayar lantarki barazana.

Abin da muka lura da shi shi ne, da yawa daga cikin waɗannan injuna ba tsufa ke kashe su ba. Wasu haɗin mai marar kyau ke ƙona su, wasu kuwa a teburin gyara suke gamuwa da ajalinsu. Bisa ga haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda injin yake aiki, da yadda ake kwance shi a sabunta shi, da kurakuran da ake yawan tafkawa a wuraren gyara, domin mai inji ya san abin da zai tambaya, makaniki kuma ya san abin da zai kiyaye.

Asalin injin da yadda yake aiki

Wani injiniya Bajamushe mai suna Andreas Stihl ne ya fito da zarton inji mai aiki da lantarki a shekarar 1926, sannan ya ƙera mai aiki da fetur a 1929. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1927, wani Bajamushen mai suna Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da nasa mai fetur. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a a 1959. Injunan farko masu nauyi ne ƙwarai, sai mutum biyu ke iya riƙe su. A kasuwanninmu na yau ana samun ƙirar waɗannan kamfanoni, irin su tsohon samfurin Stihl 070 da ya shahara a Afirka ta Yamma, tare da masu kama da su da ake shigowa da su daga ƙasar Sin.

Injin yankan itace mai bugu biyu ne, wato fistin yakan hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, a cikin wannan ne yake shan mai, ya matse shi, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Ya bambanta da yawancin injunan ban ruwa masu bugu huɗu, waɗanda ke da ma'ajiyar baƙin mai ta daban. Shi wannan ba shi da ita. Man da ke sa kayan cikinsa santsi shi ne wanda aka gauraya da fetur, kamar dai yadda ake yi wa ƙaramin janaretan nan na gida. Idan babu mai a cikin fetur, to ƙarfe ne ke gogar ƙarfe.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne gudunsa. Injin ban ruwa yakan juya kimanin sau 3,600 a minti ɗaya, amma injin yankan itace na zamani yakan kai juyi 12,000 zuwa 14,000 a minti, wato fiye da sau 200 a cikin daƙiƙa guda. Tsofaffin manyan samfura ba su kai wannan gudu ba, amma duk da haka sun ninka na ban ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramin kuskuren da wani inji zai jure na tsawon watanni yake kashe wannan cikin 'yan mintoci. Har ila yau, ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce, kuma a yankinmu inda zafin bazara kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, wannan batu ne mai muhimmanci.

Haɗin mai

Manyan kamfanoni sun ƙayyade kashi 50 na fetur da kashi 1 na man inji mai bugu biyu, wanda ake rubuta wa 2T a jikin gora, muddin man mai inganci ne. Wannan na nufin mililita 20 a kowace lita ɗaya, ko mililita 100 a lita 5. Tsofaffin injuna da wasu ƙirar Sin suna buƙatar kashi 25 da 1, wato mililita 40 a kowace lita. A duba littafin inji ko rubutun da ke jikinsa, a kuma auna da sirinji ko ma'auni, ba da ƙiyasin ido ba. A haɗa a cikin jarka mai tsabta a girgiza, kada a haɗa a cikin tankin inji.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar mai ta sa wasu masu aiki suna rage man haɗi, ko su zuba baƙin man mota a madadinsa. Wannan araha ce mai jawo asara, domin kuɗin gorar mai bai kama ƙafar kuɗin fistin da silinda ba. Haka kuma a kula da inda ake sayen fetur. Jama'a ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata ababen hawa da dama. Fetur mai ruwa ko gauraye yakan cinye robobin kafireta da bututun mai. Haɗin da ya wuce wata guda a ajiye shi ma ƙarfinsa ya ragu, bai kamata a zuba shi ba.

Bincike kafin a kwance

Makaniki nagari ba ya fara da sufana, da tambaya yake farawa: yaushe matsalar ta soma, wane mai aka zuba, inji ya tsaya ne farat ɗaya ko kuwa a hankali ƙarfinsa ya riƙa raguwa? Daga nan sai ya bi matakai daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, mai: a juye shi cikin kwalba mai haske a duba ko akwai ruwa ko datti, a duba matatar da ke cikin tanki da bututunta. Na biyu, iska: a wanke matatar iska, a share ƙura da garin katako daga jikin silinda. Na uku, wuta: a ciro filogi a duba launinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai jiƙe alamar mai ya yi yawa, fari fes kuwa alamar inji yana cin iska fiye da kima, kuma yana cikin haɗari. Tazarar bakin filogi a yawancin waɗannan injuna rabin milimita ce. Na huɗu, matsi: a riƙe igiyar tayarwa a ɗaga inji da ita. Idan ya zame ƙasa da sauri ba tare da turjiya ba, matsi ya yi rauni.

Na biyar, wanda shi ne ya fi kowanne faɗin gaskiya, a cire salansa a leƙa ta ƙofar hayaƙi. Daga nan ana ganin gefen fistin da ringi. Idan suna da santsi da sheƙi, babu dalilin buɗe silinda. Idan akwai zane-zane a tsaye kamar an karce da ƙusa, to fistin ya ƙone. Wannan bincike ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci, kuma mai inji yana da haƙƙin a nuna masa da idonsa kafin a ce masa ya kawo kuɗin sabbin kaya.

Fulawil da aikinsa

A bayan murfin igiyar tayarwa akwai wani faifai mai fukafukai da ake kira fulawil, makanikan babur kuwa sukan ce masa maganeto. Ayyuka huɗu yake yi. Fukafukansa ke hura iskar da ke sanyaya silinda. Maganaɗisun da ke gefensa ke wucewa ta gaban kwayil ya haifar da wutar filogi. Nauyinsa ke daidaita juyin inji. A jikinsa kuma haƙoran igiyar tayarwa ke kamawa.

Fulawil yana zaune ne a bakin karanshaf, kuma bakin nan yana da kauri daga ciki yana sirancewa zuwa waje. Idan aka ɗaure noti, sai ya shige ya kama gam, kamar yadda ruwan gatari ke kamawa a cikin ƙota. Wannan kamun ne ke riƙe shi, shi ya sa ko an cire noti ba ya fita da hannu. Akwai kuma ɗan makulli mai siffar jinjirin wata da ke shiga tsagi tsakanin su biyun, a wasu injunan kuwa a jikin fulawil ɗin aka zuba shi. Aikin makullin ba riƙo ba ne, saita lokacin wuta ne, domin filogi ya kama daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa ƙololuwa. Idan ya karye fulawil ya goce, za a ga akwai wuta, akwai mai, akwai matsi, amma inji ya ƙi tashi, ko ya riƙa fizge igiya daga hannun mai ja, ko ya riƙa tari ta salansa.

Ana cire fulawil ne idan ana zargin makulli, ko za a canza robar da ke hana iska shiga ta gefen karanshaf, wadda makanikai ke kira oyil sil, ko za a raba inji gida biyu domin canza boris. In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, a bar shi a inda yake.

Yadda ake cire shi

1. A bar inji ya huce, a juye mai, a cire sarƙa da doguwar ƙarfen da take zagayawa a kai, a zare hular filogi.

2. A cire murfin igiya, a share wurin sosai, a ɗauki hoto da waya domin tuna yadda wayoyi suke. A sassauta kwayil a ja shi baya.

3. A ciro filogi a tsayar da fistin. Akwai ɗan abin roba da aka yi domin haka. Idan babu, a yi amfani da igiya mai tsabta: a juya fulawil har fistin ya haura ƙofar hayaƙi, sannan a cusa igiyar ta ramin filogi a bar ƙarshenta a waje. Idan aka cusa ta fistin yana ƙasa, tana iya shiga ƙofar ta tsinke a ciki.

4. A kwance noti da sufana daidai girmansa. A yawancin injuna notin fulawil yana kwancewa ne ta hanyar da aka saba, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. Kuloci da ke ɗaya gefen kuwa akasin haka yake, ta ɓangaren tafiyar hannun agogo ake kwance shi. Rashin sanin wannan bambanci ya lalata injuna masu yawa.

5. A ɗaura na'urar zarowa, wadda ake kira fula, a tabbata ta shiga har ƙarshen zarenta, a riƙa ɗaurewa a hankali. Idan ya ƙi, a ɗan ƙwanƙwasa kan na'urar sau ɗaya ko biyu, za a ji ya saki.

6. Idan babu wannan na'ura kuma babu yadda za a same ta, a mayar da noti har samansa ya yi daidai da bakin karanshaf. Mutum ɗaya ya riƙe fulawil ya ɗaga inji kaɗan daga kan tebur, na biyu ya ɗora guntun tagulla a kan notin ya buga da sauƙi. Nauyin inji ne zai taimaka ya saki. Wannan hanya ta larura ce, ba ta yau da kullum ba.

Bayan an cire, a duba makulli da tsaginsa, a duba ko akwai tsaga a tsakiyar fulawil ko karyayyen fiffike. Fulawil mai tsaga ba a yi masa walda, sai dai a canza shi, domin abin da ke juyi sama da sau 200 a daƙiƙa idan ya tarwatse yana iya raunata mai riƙe da shi.

Wajen mayarwa, a wanke bakin karanshaf da ramin fulawil su bushe ƙayau, kada a shafa giris ko mai. A daidaita makulli, a ɗaure noti gwargwadon abin da littafin inji ya ƙayyade. Sannan a saita tazarar kwayil, wadda a yawancin injuna take tsakanin milimita 0.2 da 0.3: a juyo maganaɗisu ya fuskanci kwayil, a sa ma'aunin tazara ko siririn kati a tsakani, a bar maganaɗisu ya jawo kwayil, a ɗaure, a zare katin, a juya da hannu a tabbata babu inda ke guga.

Sabunta fistin da silinda

Ƙonannen fistin ba shi ne cutar ba, alamar cutar ce. Idan zanen yana gefen salansa, zafi ne ya yi yawa, ko dai saboda ƙarancin man haɗi, ko iska na shiga ta wani wuri, ko an matse kafireta, ko ƙura ta toshe hanyar sanyaya. Idan kuwa gefen kafireta ne ya cinye ya dushe, ƙura ce ke wucewa ta yagaggiyar matatar iska. Duk wanda ya sa sabon fistin bai gano dalilin mutuwar tsohon ba, ya shirya sayen na uku.

Ya kamata a sani cewa silindar wannan inji ba irin ta tsofaffin babura ba ce da ake kaiwa a rarake a sa fistin mafi girma. Cikinta alminiyam ne da aka yi wa siririn rufi na ƙarfe mai tauri. Idan narkakken fistin ne kawai ya manne a jiki, ana iya goge shi a hankali da lallausar takardar yashi. Idan kuwa farce yana maƙalewa a cikin zane, rufin ya tafi, sai sabuwar silinda.

Wajen haɗawa a kiyaye waɗannan: a rufe bakin ramin karanshaf da tsumma mai tsabta kafin a taɓa ƙananan zobban da ke riƙe ƙusar fistin, domin idan ɗaya ya faɗa ciki ba a sani ba zai farfasa komai. A sa sabbin zobba, ba a mayar da tsofaffi. Kibiyar da ke kan fistin ta fuskanci salansa. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan tsinin da aka yi masa a cikin tsagi, in ba haka ba zai karye wajen shigarwa. A shafa wa fistin da boris man 2T. A sa sabon gaskit na ainihi, ba kwalin da aka yanka da almakashi ba.

Kafin a rufe, a kama bakin karanshaf a motsa shi sama da ƙasa. Idan yana wasa, boris ya mutu, kuma zai lalata sabon oyil sil cikin ɗan lokaci. Wuraren gyara masu kayan aiki sukan toshe ƙofofin inji su hura masa iska ta kimanin rabin ba a ma'aunin matsi, su ga ko za ta tsaya. Inda babu wannan, akwai alamu: injin da ke ƙara gudu da kansa, ko sarƙa ta ƙi tsayawa alhali an saki maƙura, ko sautinsa ya canza idan aka kwantar da shi a gefe, yana shan iska ta ɓarauniyar hanya.

Bayan gyara, a tanki uku na farko kada a riƙa taka shi har ƙarshe alhali ba ya cikin itace.

Kurakuran da ake yawan yi a wuraren gyara

Na ɗaya, bugun bakin karanshaf kai tsaye da guduma. Wannan yana baje zaren noti, yana girgiza boris, wani lokaci ya karkatar da karanshaf ɗin kansa.

Na biyu, cusa sukudireba tsakanin fukafukan fulawil domin tsayar da shi. Fiffike ɗaya idan ya karye nauyi ya karkata, inji ya riƙa jijjiga, iskar sanyaya kuma ta ragu.

Na uku, sa ƙarfe a bayan fulawil a yi masa ɓanɓara. Gangar jikin waɗannan injuna ba ta da kauri, takan tsage, kuma oyil sil yana nan kusa.

Na huɗu, ɗaure noti fiye da kima har tsakiyar fulawil ta tsage, ko barin sa sakwa-sakwa har makulli ya karye.

Na biyar, matse kafireta domin mai inji ya ji ƙara. A jikin kafireta akwai ƙusoshin saiti uku: mai alamar L na ƙaramin gudu, mai alamar H na babban gudu, da na uku mai saita zaman inji. Idan aka matse H, mai zai ragu, inji ya yi kuka mai kaifi, mai shi ya yi murna cewa ya sami ƙarfi. Alhali kuwa an rage masa man da ke sanyaya shi da sa shi santsi ne, kuma ba zai daɗe ba.

Na shida, kwance inji a kan turɓaya. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa. Tabarma ko faranti mai tsabta da gwangwanayen ajiye ƙusoshi ba su da tsada.

Na bakwai, zuba baƙin man da aka juye daga mota a tankin man sarƙa. Yana ɗauke da garin ƙarfe mai cinye famfon mai, ga shi yana da illa ga fata da ƙasar gona.

Mun taɓa halartar wani sulhu a gaban wani mai unguwa, tsakanin mai inji da makanikin da ya canza masa fistin sau biyu cikin mako biyu, duka suka ƙone. Mai inji ya ce an sa masa jabun kaya, makaniki ya ce mai inji ne ba ya zuba man haɗi. Da aka kai wa wani dattijon makaniki ya cire fulawil, sai ga oyil sil a yage, da tabon bakin sukudireba a gefensa, daga wani gyaran da aka yi tun da farko. Kuɗin robar bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka kashe ba, kuma mai injin ya rasa aikin farkon damina gaba ɗaya. Garin neman gira aka rasa ido.

Shawara ga masu inji da makanikai

Muna shawartar mai inji da ya rubuta lambar injinsa kafin ya miƙa shi, ya nemi a nuna masa abin da ya lalace, a yi ciniki kafin a fara aiki, a kuma mayar masa da tsofaffin kayan da aka cire. Idan za a aika sayen kaya Kano ko Katsina, a tafi da tsohon a gwada, domin samfura da yawa suna kama da juna a ido amma awonsu ya bambanta. A faɗa wa makaniki gaskiyar man da aka zuba, domin ɓoyewa ba ta amfanar kowa.

Ga makanikai kuwa, na'urar zaro fulawil da abin tsayar da fistin da ma'aunin tazara jari ne da ke mayar da kuɗinsa. Wanda ya ƙware a babur ko janareta kada ya ɗauka duka ɗaya ne. Faɗin "wannan ban san shi ba" ba ya rage darajar mai sana'a, kuma inji amana ce a hannunsa. Iyayen gida su koya wa yaransu haƙuri kafin su miƙa musu guduma.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarauta

Inda hukuma ta mallaki irin waɗannan injuna domin share hanyoyi, ya dace a ajiye rajistar kowane ɗaya, da sunan mai aiki da shi, da ranakun gyara da abin da aka canza. Kafin a ajiye shi na dogon lokaci a juye mai, a tayar da shi har ya mutu da kansa, domin man da ya kwana watanni a kafireta shi ke hana inji tashi ranar da ake buƙatarsa. A gwada su tun kafin damina ta faɗi. A duk lokacin da za a shirya horon sana'a ga matasa, a sa gyaran ƙananan injuna a ciki, a kuma nemi shawarar malaman makarantun fasaha irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, wadda aka kafa a 2019, da Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, idan irin wannan ƙara ta zo gabansu, su nemi makaniki na uku ya duba kafin a ɗora wa wani laifi.

Kiyaye lafiya da kiyaye itatuwa

Kada a tayar da inji a cikin ɗaki ko rufaffen shago, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Kada a zuba mai kusa da wuta ko ana shan taba. A tabbata birkin sarƙa yana aiki, kada a cire shi. A guji yanka da ƙarshen hancin inji, domin daga nan yake zabura ya dawo kan mai riƙe da shi. A ɗaure babbar riga ko a tuɓe ta, a sa takalmi rufaffe da tabarau da abin toshe kunne, a kuma nisantar da yara.

Daga ƙarshe, wajibi ne mu tuna cewa masarautar Daura tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, a yankin da hamada ke yi wa barazana, kuma dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015. Gawo ko tsamiya ko kukar da ta yi shekaru aru-aru tana tsaye, inji zai kayar da ita kafin a gama shan fura. Saboda haka gyaran inji ba lasisin sare daji ba ne. A nemi izinin jami'an gandun daji kafin a taɓa ɗanyen itace, a fifita sassabe a kan sarewa, wanda kuma ya sare ɗaya bisa larura ya dasa wasu ya raine su.

Kammalawa

Muna kira ga jami'an yaɗa labarai da malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin makanikai da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami damar karanta shi ba, a kasuwanni da majalisu da wuraren gyara. A auna mai, a bincika kafin a kwance, a cire fulawil da kayan aikin da ya dace, a gano dalilin lalacewa kafin a sa sabon kaya. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kiyaye mu daga haɗari, ya ba mu damina mai albarka, amin.